Nonon Gwaggo da Mangazar Darakta

Aikina a lakwal ɗin Filinge, wato makarantar boko, shi ne duba ma'aunin zafi. An ba ni shi ne don ba ni da magana. Mushe, malamin ajinmu, ya ce yarinyar da ba ta buɗe baki ba za ta shiga kokawa ta fasa gilashi ba. Ma'aunin yana rataye a ƙusa kusa da ƙofar aji, siririn gilashi ne a jikin katako, da jan zare a cikinsa mai hawa da sauka. Sau uku a yini nake tsayawa a gabansa: da safe bayan an ɗaga tuta, da tsakar rana, da kuma la'asar kafin a tashi. In karanta lambar da zaren ya tsaya, in rubuta a wani ƙaramin kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango. Ba wanda ya taɓa cewa in kawo ya gani. Ni dai ina son aikin, domin shi kaɗai ne ba a cewa in miƙe in yi bayani.

Shekaru kaɗan ke nan kafin Faransawa su sauke tutarsu. Mu mata ba mu cika layi ɗaya ba a ajin. Yawancin yaran maza ne da aka tattaro daga ƙauyuka, wasu daga Damana, wasu daga Sanam, wasu daga cikin Kurfai, aka raba su gidajen mutanen gari suna kwana. Abincin rana kuwa a lakwal suke ci, hura da nono, kuma Gwaggona ce mai dama musu.

Gwaggo yayar babana ce. Ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni, bayan mijinta ya rasu. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Mace ce siririya mai saurin tafiya, kuma duk garin an san ƙoranta. Tana wanke su da toka da rairayi, ta kife su a kan danga su sha rana, har cikinsu ya yi fari kamar an shafa alli.

A bayan azuzuwa akwai wani tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, rufinsa na itace da laka, ƙofarsa tana kallon arewa. Nan ne wurin aikinta. A kusurwa akwai randa da aka binne gindinta cikin rairayi, rairayin kuwa kullum a jiƙe yake. Kowace yamma wata Bahillata takan kawo madara, Gwaggo ta ɗiga mata ragowar nonon jiya, ta rufe da faifai, ta bar ta ta kwana. Amma ba kullum iri ɗaya take yi ba, kuma tun ina ƙarama na lura da haka. Lokacin ɗari sai ta zuba ragowar da yawa, ta ajiye ƙwaryar kusa da murhu inda toka take da sauran ɗumi, ta lulluɓe ta da tsohon zane. Da bazara kuwa ɗan ɗigo kawai take sawa, ta tona rairayin gindin randa ta zaunar da ƙwaryar, ta rufa mata jiƙaƙƙen tsumma.

Na taɓa tambayarta dalili, a gida, inda bakina yake buɗewa.

Ta ce, "Nono awa mutum ya ke, Uwata. In ya ji ɗari ba shi son tashi, sai an lulluɓe shi an lallashe shi. In ya ji zahi kuwa gudu shi ke, sai an riƙe mishi ƙahwa."

Ba ta da agogo, ba ta san lamba ba. Takan fito tsakar gida ta ɗaga bayan hannunta sama, ta ji yadda iska take, shi ke nan ta san abin da za ta yi. Shekara da shekaru tana haka, ba yaron da ya taɓa ture ƙwaryarta.

Sai aka kawo mana sabon Darakta, wato shugaban lakwal, wani Bafaranshe matashi mai jan wuya, wanda ba ya rabuwa da agogon aljihu. Ba mugu ba ne irin mai dukan yara ba dalili. Shi dai ba ya son ganin abin da ba a rubuta ba. A watansa na farko ya leƙa tsohon ɗakin, ya ga rairayi jiƙe da ƙwarya a ƙasa, ya toshe hanci da hankici ya fita. Kafin ɗari ya shigo ya sa an gina mangaza, wato ɗakin ajiya, da siririn bango da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, ba taga ko ɗaya don kada ɓarayi su shiga. Mutanen gari suka riƙa zuwa kallon kwanon yana ƙyalli. Ya manna takarda a ƙofar: madara za ta shiga da ƙarfe biyar na yamma, a kulle, a buɗe da ƙarfe sha ɗaya na washegari. Makulli yana aljihunsa, tare da agogon. Haka takardar ta ce, ko ɗari ko bazara.

Da ɗari ya kankama, kwanon nan yakan yi sanyi ƙarara kafin gari ya waye. Aka riƙa buɗe mangaza ana tarar da nonon bai kama ba, ruwa-ruwa kamar yadda aka ajiye shi. Darakta ya sa cokali ya ɗaga, ya ce tsohuwa tana ƙara ruwa. Gwaggo ta haɗiye, ta riƙa zuwa da tsohon zanenta tana naɗe ƙwaryar kafin a kulle. Ya gani, ya ce a fitar da wannan tsumma mai datti.

Sai bazara ta zo. Jan zaren nan nawa ya fara hawa, kullum sai ya wuce inda ya tsaya jiya, har da tsakar rana yana haye arba'in. Shanu sun rame, madara ta yi wuya, ɗan abin da Bahillatar take kawowa da ƙyar take tara shi. Shi kuma ake kullewa cikin mangaza tun kwano bai huce ba, ya kwana, rana ta sake fitowa ta gasa shi har sha ɗaya. Idan aka buɗe ƙofar, zafin da yake fitowa kamar an buɗe tukunyar tuwo. Nonon ya tsinke, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa a sama, gudaji a ƙasa, kumfa tana tasowa a gefe, ga wari mai hawa kai. Gwaggo takan tsiyaye ruwan, ta yi iya dabararta, amma hurar ba ta shawuwa. Yara suka fara zubarwa a bayan aji. Wata rana wasu ƙanana uku suka yini suna zawo, aka kai su wurin likita.

Washegari da safe, muna tsaye a layi gaban tuta, Darakta ya sa aka kira Gwaggo. Ta fito tana goge hannu da gefen zane, ta durƙusa kaɗan ta gaishe shi. Bai amsa ba. Ya yi magana da Faransanci, Mushe yana juya mata. Ni kuwa ina layin gaba, ina jin harsunan biyu, kuma wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Darakta ya ce ita ƙazama ce. Ya ce tana ɗauke sabuwar madara ta kai kasuwa, ta kawo wa yara ruɓaɓɓiya. Mushe ya sassauta, ya ce mata, "Inna, Darakta ya ce nonon ba ya yin kyau."

Gwaggo ta ce, "Ai na sani, Mushe, ni ma ina da hanci. Hwaɗa mishi ɗakin nan nashi shi ka dahwa nonon. Ya ba ni ɗakina da randata, in ya sake ɓaci ya kore ni."

Mushe ya dubi ƙasa. Abin da ya faɗa da Faransanci bai kai rabin wannan ba. Cewa ya yi, "Ta ce zafi ne."

Darakta ya yi dariya ya ce a ƙasar nan kome aka yi sai a ce zafi ne, raggo ya ce zafi, ɓarawo ya ce zafi. Ya nuna ƙofar lakwal da yatsa. Wannan bai bukaci tafinta ba.

Ina tsaye, kayena na ma'auni a hannu. Na san Mushe ya yanke maganar. Na san kalmomin Faransancin da suka dace, har na jera su a raina. Bakina ya ƙi buɗewa. Na kalli Gwaggo ta shiga tsohon ɗakin ta kwaso ƙoranta, ta jera su a kai, ta ratsa gaban yara fiye da ɗari ba ta dubi kowa ba. Da ta zo daidai da ni ma ba ta dube ni ba, don kada a ce 'yarta ce.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma ya ƙara kitse a hanya. Aka ce tsohuwar nan mai dama hurar lakwal ta kusa kashe 'ya'yan mutane. Bayan kwana biyu Gwaggo ta kirɓa hura ta kai gindin bishiyar bakin kasuwa inda masu hura suke zama. Ranar Alhamis ce, ba lakwal, na bi ta da ludaya. Mutane suna zuwa su wuce mu su tsuguna gaban wata. Wani mai jaki daga ƙauye, wanda bai san kome ba, ya nufo mu, sai wata mai hura ta ce da ƙarfi, tana kallon wani wuri, "Kowa dai ya lura da cikinai, likita ya yi nisa." Mutumin ya karkata jakinsa. Muka koma gida da ƙwarya cike, aka ba maƙwabta, wasu ma suka karɓa suka ba awaki.

Daga ranar ba ta sake fita ba. Ko kasuwar Lahadi, da ba ta taɓa fashi ba, sai ta aika. Abin da ta koma yi shi ne wanke ƙore. Ta wanke su da safe, ta kife, da la'asar ta sauke ta sake wankewa, ƙoran da ba a zuba kome a cikinsu ba. Na ga ɗaya ta yi siriri har haske yana ratsa gindinta.

A lakwal kuwa kukun Darakta aka ɗora kan aikin. Ya zo da bokitin ƙarfe da sabulu mai ƙamshi da farin ƙyalle. Nono ya ci gaba da ɓaci, har ya fi na da, don shi bai san a rage ragowar jiya ba. Na zaci yanzu Darakta zai gane. Sai ƙawata, wata 'yar Damana mai baki kamar reza wadda muke zama tare, ta raɗa mini cewa ta ji yana faɗa wa Mushe Bahillatar ce take kawo madarar shanu marasa lafiya, kuma in ba ta gyara ba zai kai ta gaban kumandan, Baturen da yake mulkin garin.

Ta ce, "Ke, kin ga Baturen nan? Sai ya kori duk matan Kurfai ɗaya bayan ɗaya, kwanonsa yana nan yana ƙyalli."

A makon nan ne muka kai darasin madara a littafin kimiyya. Mushe ya rubuta jimla a allo, muka bi shi muna rerawa da Faransanci har muka haddace. Ma'anarta ita ce zafi yana gaggauta sauyawar abubuwa, sanyi kuma yana jinkirta ta. Ya bayyana cewa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke juya zaƙin madara ya koma tsami, kuma idan wuri ya yi ɗumi aikin yana sauri, idan ya yi sanyi yana tafiyar hawainiya. Ya ce ba madara kaɗai ba, haka nama yake, haka ƙullu. Ni kuma a raina na ƙara da lalle, wanda yake saurin kamawa da bazara, da daudawar da maƙwabciyarmu take rufewa da buhu don ta yi ɗumi ta nuna.

A gefen shafin akwai hoto. Wata Baturiya ce da farin ƙyalle a ƙugu, tana sauka matakala da tulun madara zuwa wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. An rubuta a ƙasan hoton cewa mace mai hankali takan ajiye madararta a wuri mai sanyi. Na daɗe ina kallon hoton nan har idona ya cika da ƙwalla, ba ta baƙin ciki ba, ta haushi. Ɗaki mai duhu, mai kaurin bango, mai danshi a ƙasa. Ɗakin Gwaggo ke nan. A littafinsu ita ce mace mai hankali, a filin lakwal ɗinmu kuwa ƙazama. Kuma littafin nan daga ofishin Darakta aka fito da shi, da hatiminsa a bango.

Mu mata mu ke share mangaza idan an buɗe ta. Washegari na zare ma'aunin daga ƙusa, na ɓoye shi a zanena, na jingina shi a buhun gero muna shara. Ƙawata ta riƙa jan shara tana maimaita wuri ɗaya don in sami lokaci. Da na duba, zaren ya haura inda ban taɓa ganinsa ba, saura kaɗan ya kai ƙarshen gilashin. Na ruga tsohon ɗakin, wanda yanzu awakin mai gadin lakwal suke kwana a ciki. Randar tana nan, mai gadi yana zuba ruwan shansa, rairayin da sauran danshi. Na kwantar da ma'aunin a kai na jira. Zaren ya sauko, ya yi ta saukowa, ya tsaya ƙasa da na mangaza da fiye da tsawon ɗan yatsana. Kwana huɗu ina haka, ina rubutawa a bayan kayena.

Na san abin da na sani, amma yaya zan faɗa? Ni da ko sunana aka kira a aji sai muryata ta maƙale. Sai ranar Asabar Mushe ya ba mu aikin rubutu: kowa ya bayyana wani abu da ya lura da shi da idonsa. Wasu suka rubuta raƙumi, wasu kasuwa. Ni na rubuta ɗakuna biyu. Na jera lambobin kwana huɗun, na kwafi jimlar da muka haddace, na rubuta yadda Gwaggo take yi da ɗari da yadda take yi da bazara.

Ranar Litinin da aka tashi cin abinci Mushe ya ce in tsaya. Mutumin bakin kogi ne, Bazabarme, mai iyali da yawa, kuma kowa ya san malamin da ya saɓa wa Darakta akan tura shi can inda ko rijiya babu. Ya riƙe takardata, ya leƙa waje, sa'an nan ya yi mini magana da Hausa a hankali, abin da ban taɓa jin ya yi a cikin aji ba.

"Wa ya ba ki izinin cire ma'auni?"

Na sunkuyar da kai.

"Lambobin nan gaskiya ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya shafa fuskarsa. "Kin ji abin da na faɗa masa rannan gaban tuta, ko?"

Na sake gyaɗa kai. Wannan karon na dube shi cikin ido, shi ne ya kau da nasa.

Ya ce, "To. Za mu gwada a matsayin darasi. Darasi kawai, kin ji? Ba za a ambaci Gwaggonki ba. In an ambace ta, ya ƙi."

Da yamma Bahillatar ta kawo madara, fuskarta a ɗaure don ta ji abin da ake shirya mata. A gaban ajinmu duka Mushe ya raba madarar gida biyu, ya sa ragowar jiya cokali ɗaya a kowace. Darakta ya yarda, har ya ji daɗi, don yana son a ce a lakwal ɗinsa ana gwaje-gwaje. Da hannunsa ya kulle ƙwarya ɗaya a mangaza. Ɗayar ni na kai ta tsohon ɗakin. Na kori awaki, na tona rairayi kamar yadda na gani tun ina rarrafe, na zaunar da ita, na jiƙa ɗankwalina na rufa a kan faifan, na kare ƙofar da itace.

Washegari da sha ɗaya aka ajiye ƙoran biyu a kan teburin Mushe. Ta mangaza ba sai an buɗe ba, yaran layin gaba sun riga sun toshe hanci. Da aka ɗaga faifan ɗayar, nonon ya kama, fari, a dunƙule, cokali ya shiga ya bar rami. Gaskiya ya ɗan fi tsamin da Gwaggo take so, don ita da ba za ta sa cokali guda da wannan zafi ba. Amma nono ne na sha.

Darakta ya ɗanɗana. Ya sake ɗanɗanawa. Ya karɓi kayena ya duba lambobin, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai. Ya juyo ya tambayi aji abin da wannan ya nuna, muka rera masa jimlar. Ya ce madalla. Ya ce daga yau a riƙa ajiye madara a tsohon ɗaki, a share shi a yi masa farar ƙasa. Ya ce zai sa wannan gwaji a rahoton da zai aika Yamai. Ya duba agogonsa, ya juya zai fita.

Shi ke nan. Ba maganar ƙazanta, ba maganar sata, ba maganar matar da ya nuna wa ƙofa da yatsa gaban yara. Kamar nonon ne kawai aka yi wa laifi, aka kuma ba shi haƙuri. Na dubi Mushe, yana ta gyara alli a cikin akwati.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Faransancin da na jera duk ya gudu. Abin da ya fito da Hausa ya fito, kuma da ƙarfin da ni kaina ban san ina da shi ba:

"To a kira Gwaggo mana! Ai abin da ta faɗa ke nan!"

Darakta ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi Mushe me na ce. Wannan karon Mushe ya juya maganar duka, bai rage kome ba, har ya ƙara da cewa tsohuwar ta faɗi haka tun ranar da aka kore ta. Wuyan Darakta ya ƙara ja. Sa'an nan ya ce abin da ya ji shi ne an yi yaren gida a cikin aji, kuma doka doka ce.

A lakwal akwai abin da ake kira sambol, muƙamuƙin jaki ne da aka ɗaura wa igiya. Wanda aka kama yana Hausa ko Zabarmanci shi ake rataya wa a wuya, ya tafi da shi gida kowa ya gani. Shekara biyar ina lakwal bai taɓa hawa wuyana ba, don wanda ba ya magana ba a kama shi. Ranar aka rataya mini.

Hanyar gidanmu ta bakin kasuwa take bi. Na so in zaga ta bayan gari, ƙawata ta riƙe mini hannu ta ce wallahi ta nan za mu bi. Rana tana tsaka, masu hura suna gindin bishiyarsu, Bahillatar ma tana nan tana hutawa kafin ta koma ruga. Matar nan da ta kori mai jaki ita ta fara hango ni.

"Kai, jama'a! Wagga ba ɗiyar tsohuwar lakwal ba ce, bebiyar nan? Mi ta yi anka rataya mata ƙashi?"

Ƙawata ta ce, "Magana ta yi, Inna."

"Ita? Ashe tana da halshe?"

"Tana da shi, har Bature ya ji."

Ta tsaya tsakiyarsu ta ba da labarin tun daga farko, tana kwaikwayon yadda Darakta ya ɗanɗana nono, tana jan wuya tana duba agogon da babu. Mata suna dariya suna tafa hannu. Bahillatar ta miƙe ta ce, "Madara guda fa! Ni na kawo ta, gabana anka raba ta biyu. Da ni za a kai wurin kumandan!" Wata tsohuwa ta ce ita dama ta yi mamaki, wa yake kulle nono cikin kwano da bazara in ba wanda bai taɓa dama hura ba? Matar da ta kori mai jaki ta ce ai ita ma tun farko ta faɗa. Na dube ta, ta sunkuyar da kai tana gyara faifai. Ni ina tsaye, ƙashin jaki yana bugun ƙirjina, ban ce uffan ba. Ba a bukaci in ce ba.

Da na shiga gida Gwaggo tana tsugune gaban ƙoranta. Ta ga abin da yake wuyana, ta miƙe.

"Uwata, wa ya yi miki wanga?"

Na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni abu ɗaya kawai: ragowar nawa aka sa? Na ce cokali guda. Ta ce, "Ya yi yawa." Sa'an nan ta kama igiyar za ta cire, na ce doka ta hana sai gobe. Ta ce a gidanta ba a cin abinci da ƙashin jaki a wuya. Ta rataye shi a kan danga kusa da ƙoran, ta zuba mini tuwo.

Bayan kwana uku mai gadin lakwal ya zo da saƙo: Darakta ya ce tsohuwa tana iya komawa aikinta. Gwaggo tana kirɓi, ba ta ajiye taɓarya ba.

Ta ce, "Ya ce ya yi kuskure?"

Mai gadi ya ce bai ji wannan ba.

"Gaban tuta zai hwaɗa, inda ya kore ni?"

Mai gadi ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, Bature?"

"Makulli fa?"

Ya ce an sa wa tsohon ɗakin sabuwar ƙofa, makullin yana wurin Darakta, kuma an mayar da takardar nan ta ƙarfe biyar da sha ɗaya an manna a jikinta.

Gwaggo ta ce, "To ka gaishe shi. Ka ce mishi ɗari na nan tahe."

Ba ta koma ba. Ran Lahadi ta ɗauki hurarta ta tafi kasuwa, na bi ta da ludaya, kafin azahar muna kankare gindin ƙwarya. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri, a kasuwar ma, sai dai su tsuguna su miƙo ƙoƙo suna cewa sun kwana biyu ba su gan ta ba.

Mai duba makarantu ya zo daga Yamai kafin hutu. Aka nuna masa tsohon ɗakin da farar ƙasarsa, aka nuna masa kayena mai shuɗin bango, ya yaba wa Darakta ƙwarai. Ina tsaye a layin gaba ina ji. Kayen ba a mayar mini da shi ba.